Ciwon Wuyan Hajiya

Malanville, cikin damina, 2024

Zuwa ga Innata Rahamatu, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwar da ta goya ta, ina fatan wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Issufu da yara baki ɗaya. Allah ya sa ƙafar nan taki mai kumburi ta yi sauƙi, ya ba ku damina mai albarka, ko da irin ta Agadas ce, wadda na ji ana cewa leƙowa kawai take yi ta gaishe ku ta wuce. Mu nan ruwa ya zauna. Shinkafar Garou ta yi kore shar, sauro ma ya samu nasa rabon. Ƙanena Khalidu yana riƙe da shagon Hajiya a kasuwa, ya fara gane cewa sayar da atamfa ba zaman kujera ba ne kawai. Matarsa ta sauka lafiya bayan Layya, an samu namiji, an sa masa Abdulwasi'u, sunan ya fi yaron nauyi. Ni ma ina nan. An yi hutun lakwal, ɗalibaina sun tafi gida su manta abin da na koya musu.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san wayarki ne, Inna. In saƙon murya ya shigo, tsakar gida duka ke saurare, har da maƙwabta ta kan katanga. Shi ya sa na ba Manzo direba ya kawo miki hannu da hannu, kuma na zaɓe shi ne don bai iya karatu ba. Ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai.

Labarin da ya iso muku shi ne yayarki Hajiya tana fama da ciwon wuya. Haka dukan Malanville ta sani, haka Khalidu ya sani. Ba wuya ba ne, Inna. Sankara ce a bakin mahaifa, kuma ta yi nisa. Na rubuta miki shi tsirara tun daga farko don kada ki yi ta karatu zuciyarki na rataye. Sauran bayanin, da yadda aka yi ciwon ya koma wuya, ga shi.

Cikin azumi na fara lura. Hajiya ta daina fita asham, ita da take riga liman isa masallaci. Wata rana da azahar na shiga ɗakinta na tarar tana shan ruwa a bayan ƙofa kamar budurwa mai hutun salla, matar da al'ada ta ɗauke mata tun Baba yana da rai. Ta ajiye kofin, ta dubi bango, ta gaya wa bangon cewa wasu mutane ba su iya sallama ba. Kin san yadda muke da ita. Ni ɗiyar fari ce, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce wannan, ni ce masu lakwal, ranar da na yi abin kirki in zama ta Rahamatu. Bango ne manzonmu, shi ke kai magana ya kawo. Ta bakin bangon na gane cewa jinin ya yi watanni yana zuwa yana ɗaukewa. A lissafinta al'ada ce ta dawo a tsufa, kuma ba jinin ne ya dame ta ba, ibada ce: ta yi salla ko ta bari, ta kama azumi ko ta ajiye. Ta kasa tambayar malamin unguwa don ta san shi yana rarrafe. Da wannan na samu kanta. Na ce ungozomar asibiti ce kaɗai za ta iya faɗa mata ko haila ce ko ba ita ba, ta san matsayin sallarta. Ba tsoron mutuwa ya kai yayarki asibiti ba, tsoron ta tsaya gaban Allah ba tsarki ne. Ungozomar ta duba ta, ta fito tana cire safar hannu a hankali, ta ce mu wuce Parakou, kada mu ɓata lokaci a hanya.

Baba Na-Allah ya ce matar wansa ba za ta yi tafiya da mace kaɗai ba, dole ya raka mu. Kin san shi. Ya tsufa a kan keken ɗinki, kuma duk Faransancin da ya mallaka a jikin riga ya tsince shi, sunan hannu da aljihu da maɓalli. Ya zauna a benci a waje yana gyara wa masu jira hanyar Parakou da suka riga suka biyo, mu muka shiga. Likitan yaro ne ɗan kudu, mai ladabi, ba ya jin Hausa ba ya jin Dandanci, sai na zama tafinta. Inna, na yi karatun halittar jiki a jami'ar Calavi, na sha zana mahaifa a allo gaban aji cike da samari muryata ba ta yi rawa ba. Ranar nan Hausa ta gudu ta bar ni. Yaushe ta fara al'ada, tana shekara nawa aka kai ta ɗaki, haihuwa nawa, ɓari nawa. Ina tambayar ƙasa, tana amsa wa kalandar da ke rataye bayan likita. A nan na ji ta yi ɓari biyu kafin ni. Ashe duk kunyar da aka yi ta yi mini, ni ta uku ce. Da ya tambayi maza nawa ta sani, na lanƙwasa maganar na ce yana so ya ji ko aure ɗaya ta yi. Ta ce a gaya wa yaron nan ƙofa ɗaya ta shiga, daga ita sai ta kabari.

Suka yanki ɗan nama da bai fi ƙwayar masara ba suka aika Cotonou, mu muka dawo gida jira. Sakamakon farko ya zo da rabin magana: sankara ce, amma ba su gane irinta ba, ƙwayoyin ba su yi kama da waɗanda suka saba gani ba. Aka sake kiranmu, aka sake yanka, wannan karon aka aika ƙasar waje a rina naman da wasu launuka, kamar yadda marini ke gane zare daga yadda ya sha baba. Hajiya ta ce ikon Allah, namanta ya tafi ƙasar Turawa ba fasfo ba binciken duwan a kan iyaka, ita kuwa ko Gaya da take hangowa a ƙetaren kogi ta gagare ta.

Da sakamako na biyu ya iso, likitan ya kira ni ni kaɗai, ya juyo mini da na'urarsa. Ƙananan ƙwayoyi ne shuɗɗa, a cunkushe kamar gero a masaki. Ya ce sankarar bakin mahaifa yawancinta wani birus ne ke kawo ta, wanda ake kira papiloma, kuma ta Hajiya ma shi ya kawo ta, sai dai irin tata ba a cika samunta ba. A cikin mata ɗari masu wannan ciwo da ƙyar a samu ɗaya ko biyu, shi kansa a littafi kawai ya taɓa ganinta. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɓoye ɗokinsa, amma idonsa na masunci ne da ya jawo kifin da kakansa kaɗai ya taɓa ba da labari. Ban ji haushinsa ba. Ni ma na ce a zuciyata abin yana da kyan gani, kafin in tuna naman wa nake kallo. Sannan ya sauke murya ya ce irin wannan tana da sauri, kuma hoton ciki ya nuna ta kai hanta. Aiki ba zai yi amfani ba. Akwai maganin da ake sawa a ƙarin ruwa, yana iya jan lokaci, amma ba ya warkarwa.

Aka shigo da Hajiya, aka kira Baba Na-Allah a matsayin namijin gida. Likita ya fara bayani, ya ambaci wurin ciwon da sunansa na Faransanci, col. Kafin in buɗe baki Baba Na-Allah ya ɗaga hannu ya ce kada in wahalar da kaina, wannan kam ya ji, col ai wuya ne, tun ba a haife ni ba yake ɗinka shi a riga. Ya dafa wuyansa yana salati. Na ja numfashi zan gyara masa, sai na ji an taka mini ƙafa. Hajiya ce. Na manta rabon da jikinta ya taɓa nawa da gangan. Ta ce lallai kuwa, dama wuyan ya daɗe yana yi mata nauyi. Likita ya ga kowa na gyaɗa kai, ya ɗauka fassara ta yi kyau. Kafin motarmu ta kai Kandi, Baba Na-Allah ya sanar da rabin Malanville ta waya.

Da muka dawo na zauna na yi wa bango darasi. Na ce wannan birus ta wajen kwanciyar aure ake samunsa, kusan kowa yana haɗuwa da shi a rayuwa, jikin yawancin mutane yana kore shi ba su ma sani ba, a jikin wasu kuwa yakan kwanta shekara ashirin ko talatin kafin ya tashi. Ba laifin kowa ba ne, ba abin kunya ba ne. Tana tsintar shinkafa har na gama. Sannan ta ce masu lakwal sun yi magana mai kyau, amma a kasuwar nan birus ɗaya aka sani, kuma kowa ya san sunansa. Macen da mijinta ya daɗe a ƙasa, in aka ce ciwo ya kama ta a can wurin, kuma birus ne, ba wanda zai tsaya ƙirga shekara talatin, mazan da ke tsayawa bakin shagonta za a ƙirga. In kuma an samu mai adalcin da ya ƙirga shekarun, to a kan wanda ke kwance a maƙabarta maganar za ta faɗa, shi kuwa ba shi da bakin kare kansa. Wuya fa? Kowa na da wuya, ana iya nuna shi a gaban suruki.

Tun daga ranar gidanmu ya zama asibitin wuya. Hajiya ta naɗe shi da mayafi. Safi maƙwabciyarmu ta rantse da abin da zai kashe ta cewa tun bara ta ga kumburin, kawaici ne ya hana ta magana. Matan kasuwa suna zuwa suna latsawa, wannan ta ce ya sauka, waccan ta ce ya koma dama. An kawo man kaɗanya da toka, an kawo rubutu, an kawo laya har wuyan da ba shi da komai ya fara ciwo don nauyi. Khalidu yana ta neman labarin wani gwanin aikin wuya a Cotonou, ni ina ta ƙirƙiro masa dalilan jinkiri. Duk wannan na iya haɗiyewa, wani lokaci har in shiga ɗaki in yi dariya. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar da Baba Na-Allah ya kawo Maigandi wanzami. Hajiya ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba a ɗaki ba, ta zauna gaban mutane ta sunkuya, ya tsaga mata bayan wuya ya kafa ƙaho. Matar da jini ya riga ya ƙare mata, tafin hannunta fari kamar takarda. Ya zubar da abin da ya tsotso a ƙasa yana nuna wa jama'a baƙinsa, ana ta cewa ciwo ya fito. Ranar na yi wa bango faɗan da ban taɓa yi ba. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce ciwon da ba shi da tabo, mutane tambaya suke yi.

Maganin ƙarin ruwan sau ɗaya ta karɓa. Ta dawo ta yi ta amai har ta kasa zaman salla, ta ce an gode, ba za ta sayi kwanaki da salloli ba. Ungozoma ta riga ta gaya mata jinin ciwo ne, ba ya hana ibada, kuma wannan ne kaɗai albishir ɗin da ta ɗauko daga asibiti. Yanzu maganin rage zafi kawai nake ba ta. Tsummokinta ita ke wanke abinta, ta shanya a ɗaki. Kaskon turaren wuta ba ya mutuwa, baƙi suna yaba ƙamshin ɗakin Hajiya. Ni na san abin da turaren ke rufewa.

Makon jiya ta ce wa bango a zo a gani. Na matsa, ta kama hannuna ta ɗora a gindin wuyanta ta hagu, cikin ɗan ramin nan na saman ƙashi. Na ji ƙullutu mai tauri kamar gujiya, ba ya motsi. Na ɗago na ga fuskarta kamar wadda aka yi wa bushara. Ta ce Allah ba ya kunyata bawansa, ga shi ya mai da maganarta gaskiya, a kira Safi ta zo ta taɓa. Safi ta zo ta taɓa, ta ce ai ita ta faɗa tun bara. Na zaga bayan gida na kira likitan Parakou. Ya gaya mini abin da na riga na sani: ciwon ne ya hau har can, abin da ya rage ba shi da yawa. Ya ce a bar ta ta ci abin da ranta ke so. Na dawo na tarar ta cire mayafin, tana zaune wuya a buɗe, ta sa an sayo mata soyayyen kifi. Rabon da in ga ta ci abinci haka tun kafin azumi.

Yanzu ga dalilin takardar. Shekaranjiya ina ba ta magani ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai ana iya rufe wa mai gaisuwa ido, ba a iya rufe wa mai wanka. Kin san a unguwarmu in mace ta rasu Safi ce ke shiga wankan gawa da tsofaffi biyu, kuma abin da Safi ta gani da hantsi, kafin la'asar ya kai bakin kogi. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi bakinta. Na ce wa bango ni zan iya, na san yadda ake yi, abin da ban sani ba zan tambaya. Ta ce ɗiyar fari ba ta ganin inda ta fito sau biyu. Sannan ta ce masu lakwal su rubuta wa Rahamatu. Ta ce tare kuka yi wanka a kogi kuna yara, ba abin da za ki gani wanda zai zama labari a wurinki. Kuma in ƙanwa ta taso tun daga Agadas ta ce ita za ta wanke 'yar'uwarta ita kaɗai, ba wadda za ta ja da ita, Safi ma gefe za ta koma tana yaba zumunci.

Na san abin da nake roƙo. Na san nisan Agadas da halin hanyarku, na san ƙafarki. Gadar da ke tsakaninmu da Gaya tana nan a rufe, jirgin ruwa kuma yau a bari gobe a hana. Manzo ya san masu jirgi a Gaya, ya ce in kin iso can zai san yadda za a ƙetare da ke. Ba ni da ikon sa ki, amma ba ni da wata. Tunda nake, yayarki ba ta taɓa neman wani abu a hannuna ba, ko ruwan sha sai dai ta ce ana jin ƙishi a gidan nan. Wannan ne na farko. In ba ki iso ba, na riga na yanke abin da zan yi: zan rufe ƙofa in wanke ta da kaina, kome za a ce a ce. Asirinta zai rufu, amma zan zama na saɓa mata a ranar da ba ta da ƙafar taka ni, kuma da wannan zan zauna sauran kwanakina. Na fi so ki zo tana da sauran ƙarfin yi miki faɗa kan daɗewar da kika yi ba ki leƙo gida ba. Ta tanadi faɗan, na ji tana maimaita shi.

Abu ɗaya kuma, tunda ke ba bango tsakaninmu. In kin samu hali ki je a duba ki, ki tura ɗiyarki Aishatu ita ma. Dubawar ba ta da daɗi amma ba ta da tsawo, kuma in an kama abin da wuri ana maganinsa. A nan ba ni da bakin gaya wa kowa haka. Matan da ke zuwa latsa wuyan Hajiya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, in kawo musu ruwa, in yi musu godiya.

Ki gaishe mini da Baba Issufu da kyau, ki ce ina roƙon arziki ya ba ki izini. In ya tambayi abin da ke damun yayarki, ki faɗa masa abin da kowa ya sani, yanzu ba ƙarya a ciki. Ki gai da Aishatu da maigidanta, da Rachidi, da Halimatussa'adiya mai ƙiriniya. Khalidu da mai jego suna gaisuwa. Baba Na-Allah ma ya ce a gaishe ki, a kuma gaya miki kada ki damu, shi ke tsaye kan maganar. In kin gama karantawa ki sa takardar a murhu.

Kafin in naɗe ta na tambayi Hajiya ko tana da saƙo. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce a gaya miki kada ki tsaya sayen tsaraba.

Wassalam. Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗiyarki,
Na'ima